Ranar da Labbo Wanzami Ya Ƙi Cire wa Hanatu Belu

Sau ɗaya na taɓa zagin Labbo wanzami, kuma na yi masa mai kyau, a zaurensa na Rawayya, gaban mutum uku masu jiran aski.

Ɗiyata Hanatu na kai masa. Shekara biyu da rasuwar mijinta, tana ta ramewa, har ta kai ko kunu ba ya wuce mata. Na ce belu ne, ina so ya cire. Ya shigar da mu soron ciki, ya danne harshenta ya leƙa. Fari ne fat har maƙogwaro, kamar an shafa kindirmo. Sai ya mai da aska cikin zabira.

"Inna Hauwa, wanga ba aikin aska ba ne. Ku tafi asibiti Gusau a auna jininta."

"Jinin mi? Ubanka ya cire mini nawa, ga ni ina cin ƙashi. Kai ka gaji zabira, ba ka gaji zuciya ba!"

Na fito zaure na ƙarasa masa sauran. Shi kuwa ya koma kan askinsa.

Labbo bai yi boko ba, kamar ni. Kansa sanƙo ne, shi da ke aske na mutane. Wata shekara ya cire wa wani direba belu a kan irin farin nan, ciwon bai warke ba, mutumin ya rasu. Tun daga nan, duk bakin da ya gani haka sai ya buga wa malamin lafiya na Bunguɗu waya ya ce an samu ɗaya, mace ko namiji, don su san inda abin yake yawa. Suna kuwa ba ya bayarwa. Ni lokacin ban san haka ba, tsorona ke nan, kada gari ya ji.

Kwana tara ina goge mata harshe da kanwa da lemun tsami. Ran kwana na goma ruwa ma ya ƙi wucewa, na sa ta mota sai asibitin Gusau.

Likita ta ce wata irin funfuna ce, mai samun wuri idan ƙanjamau ya karya garkuwar jiki. Suka ba ta maganin bakin, suka ɗora ta kan na kullum. Na zauna jiran gulma a bakin rijiya da gidan suna. Ban ji ko ɗaya ba.

Ban koma masa ba sai bana da kaka, da aka ce hawan jini ya kwantar da shi. Na tarar rabin jikinsa ba ya motsi. Da ƙyar ya ce, "Yarinyar?"

Na ce, "Jiya malmala biyu ta ci, ta kankare ƙanzo, yau tana gona yankan gero. Kai kuma ka sha kunun nan, Malam Labbo, ni na dama, kuma ba zan koma da shi ba."

Ranar Laraba aka yi masa sutura.