Ƙiryar da Ta Ɗauki Babur

A zauren wani tsohon gida a Kwargaba akwai guntun ƙirya da baƙi ke zama a kai. Kowa kujera yake ce masa. Amma a samansa akwai ɗan kwari kamar mazaunin tukunya, ya sha baƙin mai har yana sheƙi. Aikin Mode masassaƙi ne, kuma ba don zama ya yi shi ba.

Mode ya gaji gizago a wurin ubansa. Daga Wurno har Rabah, da wuya a ƙirga turame goma ba a sami nasa ba. Sai dai ba mai tsayawa kallon masassaƙi. Ƙanensa Halliru kuwa, tun da ya dawo daga yaƙin duniya a ƙasar Bama da sifana uku a jakar soja, ya zama abin kallo. Dattawan da suka goyi Mode ma, Halliru suke fara tambaya in sun shigo. Mode kuwa, sai dai saran gizagonsa ya ƙara ƙarfi.

Wata Laraba da hantsi, Malam Zayyanu, malamin gona na hukumar En'e, ya turo baburinsa har ƙofar gidan. Ƙayar fadama ta huda tayar baya, ƙafar da babur ke tsayawa a kai kuma ta daɗe da karyewa. Kafin a ce kwabo, rabin gari ya taru.

Halliru ya shiga gida ya ɗauko tsohon turmin Turai, matar Mode, ya kifa shi a kan rairayi. Ƙarti huɗu suka ɗaga babur suka ɗora cikinsa a kai.

"Haka muka yi a Bama," in ji shi. Jama'a suka gyaɗa kai.

Mode na gindin bedi yana fafe akushi. Shi ya sassaƙa turmin nan shekara goma sha biyu baya, ya san gara ta cinye cikinsa. Yana ganin ɗan farin gari na zubowa daga tsagar gefensa, bakin turmin kuma yana nutsewa gefe guda. Ya ci gaba da fafe akushinsa. A ransa har ya hango babur a ƙasa, Malam Zayyanu na faɗa, mutane na dariya, sojan Bama na sosa ƙeya. Abin ya yi masa daɗi kamar ruwan randa.

Sai Halliru ya kwanta rigingine, ya cusa kai da hannu ƙarƙashin ƙarfen don ya saki sarƙa.

Mode bai taɓa tantance abin da ya tashe shi ba: wuyan ƙanensa ne, ko tsoron a ce turmin Mode ya kashe mutum.

"Halliru, hito nan."

"Mi ya faru, Yaya? Aiki nika yi."

"Na ce ka hito."

"Mode, wanga ba akushi ba na," in ji wani mai albasa. "Bar masu ilimi su yi abinsu."

Aka yi dariya. Mode ya kama ƙafar Halliru ya jawo shi waje kamar buhu. Ya sa ƙartin suka riƙe babur, ya zare turmin, ya ƙwanƙwasa shi sau ɗaya da bayan gizago. Turmi ya dare biyu, gara na watsewa. Dariya ta ɗauke.

Bai tsaya jin ta bakin kowa ba. Ya sa aka tura babur zuwa daɓen zaure, inda ƙasa take da tauri kuma a miƙe. Ya mirgino guntun ƙiryar da ya ajiye don sabon turmi, ya gwada cikin injin da tafin hannu, ya sare masa mazauni daidai. Ya tokare tayar gaba da duwatsu, gaba da baya, ya ɗaure kan babur da igiya biyu a ginshiƙan zauren.

"Sassauta notin tun yana ƙasa, kahin a ɗaga," ya ce da Halliru. "Icce ma ba a girgiza shi in ya hau gammo."

Da aka ɗora, ya dafa sirdin ya jijjiga da ƙarfinsa duka. Ko motsi. Sannan ya ja da baya.

Kafin azahar taya ta koma, injin ya tashi. Malam Zayyanu ya dubi kututturen ya ce, "Kai, soja ya san dabara. Halliru, Allah shi yi albarka." Halliru ya buɗe baki yana nuna yayansa, amma ƙarar babur ta shanye maganar, jama'a kuma suka bi ƙura da gudu.

Shekara tara ƙiryar nan tana ɗaukar baburan En'e, ana ce mata kututturen Halliru. Mode bai gyara wa kowa ba, bai kuma daina jin zafin sunan ba.

A ranar da turmin ya dare dai, Turai ta leƙo tana tambayar inda za ta daka geron dare. Mode ya aika ta aro na maƙwabta, ya jawo dutsen washi, ya zuba ruwa, ya shiga wasa gizagonsa.