Matakalar Wendell Pruitt

Wendell Pruitt bai taɓa sata ba, bai taɓa dukan kowa ba, amma wallahi duk garinmu babu wanda na raina kamarsa.

Tare muka tashi a wannan ɗan gari na jihar Michigan. Shi ya ƙare a kantin sayar da ƙusa da fenti. Ni kuma na tuƙa motar 'yan makaranta har na yi ritaya, sannan aka saka ni a kwamitin sauraron ƙorafin harajin gidaje. Mu uku ne, duk 'yan gari: ni Maxine, da Gus manomi, da wata tsohuwar nas. Duk watan Maris, wanda ya ga hukuma ta tsauwala wa gidansa ƙima sai ya zo gabanmu ya kushe gidan, mu kuma mu duba ko za a rage masa haraji.

Kowa na kushe gidansa a ɗakin nan, ba abin kunya ba ne. Amma Wendell sana'a ya mai da abin. A coci gidansa ya fi na kowa, a gabanmu kuwa sai ka ce akurkin kaji yake kwana. Babbar hujjarsa ita ce matakalar katako ta ƙofar gida, wadda ruwa da ƙanƙara suka ruɓar. Duk shekara sai ya durƙusa ya ɗauke ta hoto. Mai sayar da ƙusa fa!

Matarsa Loretta, baiwar Allah, ta yi magana har bakinta ya gaji.

"Wendell, matakalar nan sai ta kashe wani."

"Haba uwargida, ki riƙa bi ta ƙofar baya mana. Bari dai a gama zaman kwamiti."

In an gama, sai ya ce ai na baɗi yana tafe.

Bara da kaka Loretta ta fito da kwanon abinci za ta kai coci, ta manta ta bi ta gaba. Katako ya burma da ita, ƙugunta ya karye. Daga asibiti 'yarsu ta wuce da ita gidanta. Da na je dubiya, Loretta ta riƙe hannuna ta ce, "Maxine, ni gidana nake so. Ranar da ya gyara matakala, ranar zan koma. Ba na neman komai bayan wannan."

Aikin rabin yini ne. Gus ma ya ce zai zo ya yi masa kyauta, har da katakonsa. Gogan naku ya sosa ƙeya ya ce, "Na gode, maƙwabci. Bari dai Maris ya wuce."

Maris ya zo. Sai ga Wendell cikin kwat ɗinsa ta zuwa jana'iza, fuska a washe, ɗauke da hoton matakalar da ya sa aka ƙara wa girma har ya kai tiren abinci. Ya jingina shi a kan teburinmu, ya ja da baya yana kallo.

"To jama'a, bana ba ruɓewa ba ce, rami ne sosai. Wa zai sayi gida da wannan a bakin ƙofa?"

Na sa tabarau na duba. Can ƙasan ramin akwai wani abu shuɗi, rabinsa a cikin ƙanƙara. Na san shi, don tare da mai shi muka sayo.

"Wendell, wancan ba takalmin Loretta ba ne?"

"Shi ne," in ji shi, ko kunya babu. "Da gangan na bar shi, don a ga zurfin ramin."

Tsohuwar nas ta ja tsaki, Gus ya juya yana kallon taga. Amma ramin gaskiya ne, mu kuma darajar gida aka ɗora mu mu auna, ba darajar mai gidan ba. Muka rage masa. Da hannuna na sa hannu, raina na tafasa.

Ya maƙale hotonsa a hammata. Na ce, "To Maris ya wuce. Yaushe za a gyara? Loretta na jira."

Ya tsaya a bakin ƙofa, ya yi ƙasa da murya. "Maxine, ke da kika san kan aikin nan. In na gyara yanzu, baɗi me zan kawo muku?"

Da yamma Loretta ta buga mini waya ta ji yadda aka yi. Na gaya mata duka, ban rage komai ba.

"In kin bi ta can," ta ce, "ɗauko mini takalmina."