Hoton Inna a Gadon Asibiti

Inna ta rasu ana tsakiyar yankan gero. A wani asibiti a Tambuwal ta cika, bayan jinyar kwana tara. Muka kai ta gida Fakku, aka yi mata sutura kafin la'asar.

Tsawon rayuwarta ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Ko a wurin suna, da ta ga an ɗaga waya sai ta ja mayafi ta juya baya. Ba ta taɓa cewa haramun ne ba. Cewa take yi fuskarta ta mutanen gidanta ce.

Kwana biyu da rasuwar, muna zaman makoki a ƙofar gida, na buɗe waya don in amsa saƙonnin ta'aziyya. Abin da na fara gani a dandalin sada zumunta shi ne Inna. Tana kwance a gadon asibiti, ɗankwali ya zame, furfurarta a waje, robar ƙarin ruwa a hannunta. Ƙanena da ke bi mini ne ya ɗauka tana barci, ya haɗa da sanarwar rasuwa ya sa a shafinsa.

Ban iya yi masa magana cikin mutane ba. Sai na rubuta a ƙarƙashin hoton: "Don Allah a cire." 'Yan uwa suka shigo, wasu suka ce na yi gaskiya, wasu suka ce ai neman addu'a ba laifi ba ne. Aka yi ta ja. Ni kuma a wuni sai in buɗe sau da yawa in ga ko an cire.

Bayan addu'ar bakwai na koma aikina na akawu a Tambuwal. Ranar farko wani ɗan Jabo da nake sayen albasa wurinsa ya riƙe hannuna ya yi mini gaisuwa, sannan ya ce, "Na ga tsohuwa a waya. Kai, ta sha jiki." Da kyakkyawar zuciya ya faɗa. Amma mutumin nan bai taɓa ganin Inna a tsaye ba, ga shi ya ga kanta ba lulluɓi.

A ofis na gaya wa matar da ke buga mana takardu a kwamfuta, don ta fi mu sanin waɗannan abubuwa. Na tambaye ta yadda hoton ya kai Jabo alhali ƙanena bai san kowa can ba.

Ta ce, "Malam, abin nan bai san mutuwa ba, bai san biki ba. Inda mutane sunka tsaya, nan shika lura. Duk wanda ya rubuta 'Allah ya jiƙanta', sai a nuna ma abokanai, su ma su rubuta, a ƙara gaba."

Na ce, "Ai ni cewa na yi a cire."

"Shi ma rubutu ne gare shi. Gardamar da kunka yi ma ta fi tura shi nesa."

A cikinmu wa zai ga sanarwar rasuwa ya wuce bai yi addu'a ba? Kamar a wuce da gawa gabanka ne ka ci gaba da cin abinci. Wannan tarbiyyar tamu ce ta riƙa ɗaukar Inna tana shiga da ita gidajen da ba ta sani ba, kuma har da hannuna a ciki. Matar ta ƙara da cewa mai shafin kaɗai zai iya gogewa, wanda ya riga ya adana a wayarsa kuma sai dai haƙuri.

Ranar Asabar na hau babur na tafi Fakku. Na iske ƙanena a gona yana ɗaurin damin gero. Muka gaisa, na ce masa ya goge.

Ya ce, "Yaya, ka duba addu'o'in da anka yi mata. Sun fi mutanen da sunka zo jana'iza. In na goge, duk sun tafi."

Na ce, "Ba a waya addu'a ke zama ba. Wanda anka roƙa ya riga ya ji."

Ya zauna kan dami, ya daɗe yana murza zangarniya a tafinsa.

"Kai ka yi kwana tara da ita," ya ce. "Ni wuni guda na samu. Ba ni da komi nata sai wanga."

Na ce masa kawai, da tana farke da ba ta bari ba, kuma shi ma ya sani.

Ya ciro wayar, ya buɗe. Kafin ya taɓa sai ya ɗago ya dube ni.

"In turo maka tukuna? Babu wani fa."

Na so. Allah ya sani na so ƙwarai. Na ce masa a'a.

Ya goge daga shafin ina kallo. Ko ya bar wani a cikin wayarsa, ban tambaye shi ba, kuma har yau ban tambaya ba.