Lafiya Lau ɗin Baffa Babikir

Baffa Babikir tela ne daga Nyala, ɗakinsa na kallon nawa a unguwar Faisal ta Alƙahira. Ya baro Sudan bayan 'yan bindiga sun ƙona masa shago, suka ce in sun dawo kansa za su ɗauka.

Ranar ganawar neman mafaka, ma'aikaciyar ta tambaye shi yadda ya baro gida. Ya ce, "Lafiya lau." Ta ce an taɓa shi? Ya ce, "Ɗan abin da ba a rasa ba." Tafinta ya fassara, aka ƙi roƙonsa.

Na ce, "Haba Baffa! Gaisuwa ka je yi? Ina yatsunka biyu da suka sare?"

Ya ce, "To ɗana, in zauna gaban 'yar mutane ina ƙorafi kan abin da Allah ya hukunta?"

Sati uku muna koya masa ƙorafi kafin ya koma. Wannan karon ya faɗi komai, har sunan ƙanensa da aka harbe. Da ya fito na ce, "Yaya, Baffa?" Ya daɗe yana kallon hannunsa. Bai ce lafiya lau ba.