Jiƙon ciwon bayan da ya maishe ni mashayi

Lokacin da rikici ya koro mu daga Mubi zuwa Jimeta, ni magidanci ne mai kamun kai, ko layin da ake sayar da giya ba na bi. Bappana, ƙanin mahaifina, ya sama mini keke napep a unguwar Luggere na fara ja. Zaman keke ya sa mini ciwon baya, sai wani abokin sana'a ya kai ni wurin wata mata a bakin tasha, mai sayar da jiƙon saiwoyi a ɗan kofi. Ina kurɓa na ji maƙogwarona ya kama da wuta, ta ce ai maganin ne ya fara aiki.

Ya kuwa yi aiki! Ciwon baya ya tafi, tunanin gidanmu da aka ƙona ma ya lafa. Na zama mai fara'a, ina yi wa fasinjoji waƙa, har na taɓa tsayawa a Wuro Hausa na gaida akuya, na tambaye ta iyali. Bayan wasu watanni kofi ɗaya ya daina yi mini komai, na koma biyu, na koma huɗu. Matata ta ce bakina na warin ɗakin allura, na ce ba ta san sirrin itatuwa ba ne. Har limaminmu na yi wa talla, Allah ya rufa asiri ya ce bayansa ƙalau.

Azumi ne ya tona komai. Ranar farko, kafin azahar hannuna na karkarwa, gumi na zuba, saura kaɗan in juye wata dattijuwa da kajinta a kwata. Bappa ya kai ni asibiti. Likita ya shinshina gorar jiƙon da nake yawo da ita, ya ce ogogoro ce, wato giya mai ƙarfi, aka jefa wa saiwa. Na rantse ban taɓa shan giya ba, ya ce ƙwaƙwalwata ba ta da labarin wannan rantsuwar. Ya ce giya kan sanyaya ƙwaƙwalwa ta ba ta daɗi. In aka yawaita sai ƙwaƙwalwar ta saba, ta rage daɗin da take samarwa da kanta, ta nemi ƙari, ran da aka hana ta kuwa jiki ya ɗauki rawa. Sai da suka kwantar da ni, don yankewa lokaci guda ba kulawa na iya jawo farfaɗiya.

Na warke, amma har yau in na bi ta tashar nan yawuna kan tsinke. 'Yan uwa, duk maganin da kuka ga kuna marmarinsa alhali ba inda ke muku ciwo, ku tambayi da me aka jiƙa shi.