Bututun Hura Wutar Innata

A bayan ƙofar madafata akwai wani bututun ƙarfe, baƙi wuluk, bakinsa ya yi santsi don yawan riƙo. Duk ranar da gaz ya ƙare na koma ga gawayi, shi nake ɗauka in hura wuta. In ka gan shi cewa za ka yi tarkacen bola ne. To, bututun bindigar babana ne, kuma ban taɓa sa bakina a kansa ba ban tuna da kakana maƙeri na Tibiri ba.

A Sabon Gari muke zaune a nan Maraɗi, amma cinmu da shanmu yana Jiratawa, inda babana yake da garka ta albasa da tattasai da rogo. A wata shekara, da sanyi ya shigo, gyado ya sako mu gaba. Babana zai bar rogo ya yi kore shar, ya dawo da safe ya tarar an tone shi kamar an sa garma. Bindigar da ya gada wurin mahaifinsa, tsohon soja, tana nan da takardarta, sai dai irin harsashinta ya ɓace a kasuwa. Wanda ake samu ya fi shi kauri, ba ya shiga. Abokansa suka ba shi shawara ya kai wa maƙeri a ƙara wa mazaunin harsashin faɗi. Kuma kowa ya san duk yankin babu mai hannun surukinsa.

Nan fa ake yin ta. Innata ita ce ɗiyar farin kakana, ko sunanta ba ya kamawa, balle ya yi doguwar magana da ita. Babana kuwa, in ya hango shi a hanya sauka yake daga keke ya canza lungu. In gaisuwa ta kama dole, sai ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, ya kau da kai. Mutum biyu masu ƙaunar juna, amma magana ba ta shiga tsakaninsu. Saboda haka aka ɗora mini aikin. Ni jika ce, ina da bakin faɗa wa tsoho abin da na ga dama, shi kuma kullum kirana yake amaryarsa mai rowa, wai ban taɓa kawo masa ko goro ba.

Ranar da babu lakwal, wato makarantar boko, innata ta naɗe bindigar a tsohon zane muka hau mota zuwa Tibiri. Ta shige cikin gida, ni na tsaya a maƙera na isar da saƙo. Har yanzu ina jin warin gawayin ƙirya da hucin zugazugi. Kakana siriri ne, idonsa ɗaya ya fara hazo, amma yatsunsa sun fi idon wani gani. Ya kwance bindigar a kan buzu, ya ɗaga bututun ya leƙa ta hasken ƙofa, ya ƙwanƙwasa shi da ɗan ƙarfe ya kara kunne. Ya daɗe a haka har na fara gyangyaɗi. Sannan ya ce in je in gaya wa maigidanmu ƙarfen ya tsufa, kuma duk abin da aka ƙara na faɗi daga jikinsa ake cirewa. In ya rage kauri aka ba shi harsashin da ya fi ƙarfinsa, a fuskar mai harbi zai huce.

Babana bai ji daɗi ba. Rogo yana ƙarewa, mu kuma muna da yawa. Ya ce in koma in ce ya gode, amma in tsoho ba ya da hali a maido, akwai wani a kasuwa da ya ce zai yi. Da na faɗi haka sai kakana ya ajiye guduma. Ya san mutumin, kuma ya san aikinsa. Sai ya ce a bar ta nan.

Na riƙa zuwa ina ganin aikin, kuma ban sake ganin haƙuri irin wannan ba. Ya sallami masu kawo gyaran lauje da hauya. Zai ɗan ci ƙarfen kaɗan, ya goge, ya shafa da yatsa, ya tafi salla, ya dawo ya sake shafawa. Ko tsokanata ya daina. Da ya gama sai ya aiko ni da saƙon da ya sa innata zubar da ludayi: aiki ya kammala, amma harbin farko nasa ne. Ashe dokarsa ce tun yana saurayi. Sauran maƙera ɗaure bindiga suke a itace su ja igiya daga nesa. Shi kuwa cewa yake wanda ya taɓa cikin bindiga shi ya kamata ya fara ba ta kuncinsa.

Da hantsi muka fita bayan gari, wajen wani gawo. Babana ya zo, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa can baya kamar yadda ya saba. Kakana ya yi bisimilla, ya sa harsashin ya zauna daram, ya ɗaga bindigar ya kwantar da kuncinsa a kanta. Nan na ga yadda kafaɗarsa take ƙashi zalla.

Ban ga tashin babana ba. Sai dai na gan shi tsaye gaban surukinsa, ya riƙe bututun ya karkatar da shi ƙasa, yana kallonsa ido cikin ido.

"Baba, don Allah a bari."

Kakana ya dube shi da kyau, ina jin ranar ya fara sanin kamanninsa. Ya ce, "Na yi iyakar abin da hannuna ka iyawa, amma ƙarhen bai ba ni tabbas ba. In ba ka yarda da ita ga kuncina ba, ƙaƙa ni za ni yarda da ita ga uban jikokina?"

Babana ya sunkuyar da kai, ya koma ya ɗauki takalminsa. A yammacin nan kakana ya cire bututun, ya yanke wurin da ya sha wahalar gyarawa, ya miƙo mini sauran in kai wa innata ta hura wuta. Rogon shekarar mun yi asarar rabinsa. Babana da maƙwabtan garka suka haƙa rami suka rataya gwangwanaye, muka sha kunu fiye da yadda muke so har girbin albasa. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba.

Yau mijin ɗiyata zama yake da maigidana su ci tuwo kwano ɗaya, suna gardamar ƙwallo a waya. Ban ce laifi ba ne, har daɗi nake ji. Su kuwa waɗancan sun koma kunyarsu washegari, babana ya ci gaba da canza lungu har kakana ya rasu. A iya sanina, maganar nan ta gindin gawo ita kaɗai ce babana ya taɓa yi wa surukinsa baki da baki, kuma roƙonsa ya yi kada ya ba da ransa dominsa.