Cyril Pargeter da Koriyar Motar Ivor

Ƙarfe bakwai na safe Cyril Pargeter ke ɗage ƙofar garejinsa a Bedworth, ya ɗora butar shayi, ya zura rigar aiki. Shekara hamsin da ɗaya ke nan haka yake yi. Tsofaffin motocin ƙasar nan kaɗai yake taɓawa, su Morris da Austin da Triumph. Kafin ya kwance ko noti ɗaya sai ya kafa dogon sukundireba a jikin injin, ya manna kunne a ƙotar, ya lumshe ido yana sauraro. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, don amosanin gaɓɓai ya ci ƙarfin yatsunsa.

Glenys Haddon ta ba ni labarin abin da ya yi musu. Mijinta Ivor tsohon direban bas ne, ciwon mantuwa ya kama shi har yakan ɓace a kan layinsu. Abin da ya rage masa shi ne koriyar Morris ɗinsa, wadda yake gyarawa da kansa tun yana saurayi. Bara ya kwance gaban injin ya mayar, tun daga nan take tsiyayar baƙin mai, tana wani karaf-karaf. 'Ya'yansu suka ce a sayar. Glenys kuwa ta san in motar ta tafi, Ivor ba zai ƙara leƙa ƙofar gida ba. Sai ta tuƙo ta zuwa garejin, Ivor na zaune a gefenta.

Cyril ya cire murfin gaban injin. Sarƙar taimin, wadda ke sa bawul buɗewa a kan lokaci, ta saki, saura ƙiris ta tsallake haƙori. A gabanta akwai ɗan faifan ƙarfe mai watsa mai ya koma ciki, kada ya zubo waje. A juye aka sa shi.

Glenys ta matso ta yi ƙasa da murya. "Shi ya yi, ko? Don Allah kar ka gaya masa."

"In gaya masa me?" in ji Cyril. Ya waiwaya ya ɗaga murya. "Ivor! Kallo ka zo yi? Yatsun nan nawa sun mutu, zo ka kama mini."

Ivor ya taho yana jan ƙafa. "Dama can ba iyawa ka yi ba."

"Na ji. To gwani, faifan nan ina yake kallo?"

Ivor ya daɗe yana jujjuya shi a tafin hannu. Can sai ya zura shi daidai. "Kwarminsa waje yake kallo mana, sakarai. Wane ne ya koya maka aiki?"

Aikin wuni ɗaya sai da ya ci kwana uku, domin kowane noti Cyril sai ya miƙa wa Ivor sifana ya ɗaure da kansa, shi kuma ya bi baya ya ƙara matsewa in mutumin ya tafi shan shayi. Da aka sa sabuwar sarƙa injin ya tashi sumul, Ivor ya dafa bonet ya ce, "Glenys, ɗauko kwat ɗinki, teku za mu." Ta tuƙa su har Barmouth, suka ci kifi da soyayyen dankali a cikin mota, ana yayyafi.

Kai ne, Cyril, mai kunnen jin ciwon ƙarfe, kake kuma jin na mai ƙarfen. Ka ga kuskuren mutum ƙuru-ƙuru, ka bar shi ya gyara da hannunsa, ya koma gida da girmansa. Mun gode, mu mutanen Bedworth. Allah ya ba yatsunka sauƙi, ya sa ka huta lafiya.

Ku kuma masu sana'a, duk wanda ya kawo muku abin da ya lalace, ku ɗago kai ku dubi fuskarsa tukuna, sannan ku ɗauki kayan aiki.